Suna uku a kati, itace ɗaya a murhu

A ɗauki mutum uku da ke zaune a benci ɗaya suna jiran ganin likitan ƙwaƙwalwa. Na farko ɗan kasuwa ne da zuciyarsa ta taɓa bugawa a cikin motar haya har ya ɗauka ajali ne ya zo. Tun daga ranar bai ƙara shiga mota mai cunkoso ba, ko masallacin Juma'a ya je, sahun ƙarshe yake tsayawa kusa da ƙofa, da ledar ruwa a aljihu. Ta biyu matar aure ce da rabonta da biki ko suna wata huɗu ke nan, tana ɗaki labule a sake, wayarta na ruri tana kallo har ta tsinke. Na uku ɗalibi ne da ke cinye minti 40 a gaban buta, yana alwala yana sakewa, don bai tabbata ruwa ya game gwiwar hannunsa ba. A kati za a rubuta suna uku: ciwon firgita, ciwon damuwa, ciwon waswasi. Amma a zuba musu ido na yini ɗaya, za a ga abu guda suke yi. Wani abu mara daɗi ya taso musu a ƙirji, sai su yi maza su yi abin da zai kwantar da shi nan take, wannan saurin kwantarwar kuma shi ke dawo da shi gobe da ƙarfinsa.

Ra'ayina shi ne, duk mai jinyar irin waɗannan mutane ta hanyar zantawa, masanin halayyar ɗan Adam ne ko ma'aikaciyar jinya ko jami'in lafiya na ƙaramin asibiti, ya fi buƙatar ya ƙware a kan 'yan hanyoyin nan da ke ratsa cututtuka da yawa, a kan ya haddace littafin jinya guda ga kowane suna. Ashanar da ta kunna wuta a gidan kowa daban ce: wannan hatsarin mota, waccan rasuwar uwa, wancan gado ya yi daga dangi. Itacen da ke riƙe da wutar kuwa kusan iri ɗaya ne, kuma shi hannu ke iya zarewa.

Sunayen da ake rubutawa a kati sun samo tsarinsu na yanzu daga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, musamman bugu na uku na 1980, wanda ya zo da dokar lissafa alamomi. Ya yi amfani, domin ya sa likitan Kaduna da na Landan suna iya nufin abu ɗaya da kalma ɗaya. Amma lissafin na da ɓaraka. Kafin a ce mutum na da ciwon damuwa mai tsanani, sai ya nuna alamomi 5 cikin 9 na tsawon mako biyu. Idan aka yi lissafi, hanyoyi 227 ne mutum zai iya cika wannan sharaɗi, kuma mutum biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya alhali alama ɗaya tak suka haɗa. Ciwon da ke biyo bayan tashin hankali ya fi haka muni: a 2013 wasu masu bincike biyu, Galatzer-Levy da Bryant, sun ƙirga hanyoyi 636,120 na cika sharaɗinsa a bugu na biyar. Ga kuma cakuɗuwa. Babban binciken Ronald Kessler a Amurka, wanda ya fito a 2005, ya gano cewa cikin masu wata cutar ƙwaƙwalwa a shekara guda, kashi 45 cikin 100 suna da biyu ko fiye. A garin Dunedin na New Zealand an bi mutum sama da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973 har suka kai shekara 45, aka ga mafi yawan waɗanda suka taɓa kamuwa ba su tsaya a suna ɗaya ba, ciwon sauya riga yake yi da shekaru.

Ga mai jinya wannan ba zancen lissafi ba ne kawai. Idan kowane suna na da littafinsa na zama 12 ko 16, sai ga mutum ya shigo da suna uku, da wanne za a fara? A yi masa zama 40? Wa zai biya kuɗin mota?

Masu jinyar cututtukan cin abinci a Oxford ne suka fara bugun ƙirji suka sa wa matsalar suna, suka kira hanyar tunkararta “mai ratsa cututtuka.” A 2003 Christopher Fairburn da Zafra Cooper da Roz Shafran suka nuna cewa yarinyar da ke ƙin ci har ta rame, da wadda ke ci ta amayar, sau da yawa mutum ɗaya ce a shekaru daban, kuma abin da ke riƙe da su duka shi ne auna darajar kai da nauyin jiki da siffarsa. Shekara guda bayan haka Allison Harvey da abokan aikinta suka bi cututtuka ɗaya bayan ɗaya suna duba yadda mai ciwo ke sa hankali, da yadda yake tuna abu, da yadda yake yanke hukunci, da abin da yake aikatawa, suka tarar da hanyoyi iri ɗaya na maimaituwa. A Jami'ar Boston kuma David Barlow ya haɗa tsarin jinya guda domin dukan cututtukan fargaba da damuwa.

Babban itacen shi ne gudu. Tun 1947 Hobart Mowrer ya bayyana yadda yake aiki: tsoro na samuwa ta hanya ɗaya, amma abin da ke raya shi shi ne sauƙin da ake ji idan an kauce. Ɗan kasuwan nan ya hango mota cike, gabansa ya faɗi, ya juya ya hau babur, cikin minti ɗaya ƙirjinsa ya sake. Ƙwaƙwalwa ta rubuta darasi biyu: motar haɗari ce, gudu kuma shi ya cece ni. Ba a taɓa ba ta damar ganin abin da zai faru da ya zauna ba. Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne gudun da ba a ɗaga ƙafa. Paul Salkovskis ya ja hankali a kansa a 1991: mutum ya shiga wurin da yake tsoro, amma da ledar ruwa, da zama kusa da taga, da yatsa a kan jijiyar wuya yana ƙirga bugu. Ya fito lafiya sai ya ce ruwan ne ya tare abin. Shi ya sa za ka ga wanda ya shiga mota sau ɗari tsoronsa bai ragu da ƙwayar zarra ba. Rufe ɗaki gudu ne, sake alwala gudu ne daga shakka, tambayar “anya ba ciwon zuciya ba ne?” sau goma a rana gudu ne, haka ƙwayar tramadol da maganin tari mai kodin a wurin matasa da yawa.

Mai jinyar da ya gane wannan ba ya fara da tarihin yarinta. Yana ɗaukar abu ɗaya da ya faru a makon nan ya warware shi a takarda gida huɗu: me ya tayar, me ya zo a jiki da zuciya, me ka yi, me ya biyo baya nan take da kuma bayan kwana biyu. Tambayar da ta fi buɗe ƙofa ita ce, “Da ba ka yi hakan ba, me kake jin zai faru?” Daga nan a jera wurare kamar goma da mutum ke gudu hawa-hawa kamar tsani, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoronsa, a fara da na wajen 40 ko 50. Kafin ya shiga, ya rubuta hasashensa ƙarara: zan suma cikin minti 5, na yarda da haka kashi 80. Ya shiga ba ruwa, ba kujerar taga, ya zauna har lokacin da ya ɗiba ya wuce, sannan a dawo a duba takardar. Ya suma? Masaniyar halayyar ɗan Adam Michelle Craske ta nuna cewa abin da ke warkarwa shi ne wannan karo tsakanin abin da aka zata da abin da ya faru, ba lalle sai tsoron ya sauka a zaman farko ba. A maimaita sau da yawa a mako, a motoci daban, a lokuta daban, don kada ƙwaƙwalwa ta ce ai motar ranar Talata ce kawai mai lafiya.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Mai ciwo ya sauka daga mota a daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, sai ya koma gida da darasin da ya fi na da muni. Ko a ba shi diyazefam, ƙwayar kwantar da fargaba, ya haɗiya kafin ya shiga, nasarar ta zama ta ƙwaya. Ko mai jinyar da kansa, don tausayi, ya yi ta cewa “ba abin da zai same ka,” ya zama shi ne sabuwar ledar ruwan. Ko 'yan uwa su ji an ce fuskantar tsoro magani ne, su yaudare shi ko su tura shi da ƙarfi. Wanda aka tilasta bai koyi komai ba sai rashin yarda da danginsa.

Wannan aikin ne dai ake yi wa matar da ta rufe ɗaki, sai dai nata tsanin na komawa ga rayuwa ne. Ita tana jiran ranta ya yi daɗi sannan ta fita, alhali a ciwon damuwa motsi ke gaba, jin daɗi na biyo shi a makare. Ba a ce mata “ki fita ki shaƙata,” wannan dutse ne aka ɗora mata. Ana rubuta abu ƙarami da lokacinsa: sharar tsakar gida minti 10 bayan asuba, amsa wayar yayarta ranar Laraba, leƙa maƙwabciya ranar Asabar, ko tana so ko ba ta so, sannan ta ba yanayin ranta maki kafin da bayan. A wani gwaji a Ingila da ya fito a 2016, mai mutum 440, ƙananan ma'aikata da aka koya wa wannan dabara kaɗai sun samu sakamakon da bai gaza na ƙwararrun masu jinya ba.

Ɗalibin kuwa alwala ɗaya zai yi, ya tashi da shakkarsa a ƙirji ya ta da sallah, mahaifiyarsa kuma ta daina amsa masa “eh, na gani, ka wanke.” Victor Meyer ya gwada hana maimaitawa a Landan a 1966, aka ɗauke shi sabon abu. Malaman fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun riga shi da ƙarnuka: sun ce wanda shakka ta aure shi ya yi watsi da ita, kada ya koma ya kawo abin da yake shakka a kai. Mai jinyar da ya san wannan hukunci ya samu abokin aiki a wurin malamin unguwa, maimakon ya tsaya jayayya da shi.

Itace na biyu Bahaushe ya riga ya raɗa masa suna: yawan tunani. Mutanen Shona na Zimbabuwe ma haka suke kiran ciwon, kufungisisa, kuma a kan wannan kalma likita Dixon Chibanda ya gina shirinsa na kakanni mata da ke zama a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa. Susan Nolen-Hoeksema ta auna ɗaliban Stanford kwanaki kaɗan kafin girgizar ƙasar 1989 a Kalifoniya, ta sake auna su bayanta, ta ga masu ɗabi'ar tuƙa da warwara a zuci su suka fi nuna alamun damuwa daga baya. Mai ciwon damuwa yana tauna jiya, mai fargaba yana tauna gobe, wanda ya ga tashin hankali yana tauna “da ma ban bi ta hanyar nan ba,” amma injin ɗaya ne: tunani mai zagaye, mai kama da neman mafita, wanda ba ya ƙarewa da wani mataki.

Maganin da kowa ke bayarwa kyauta, “ka daina tunani,” shi ne wanda aka tabbatar ba ya ci. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa mutane kada su tuna wata farar dabba na minti 5, sai ga ta tana ta faɗo musu, bayan an sake su kuma ta fi yawa. Domin ka tabbatar ba ka tuna abu, dole wani ɓangare na hankalinka ya tsaya gadinsa. Abin da ke aiki shi ne sauya irin tambayar. Edward Watkins ya bambanta tunanin “don me” da na “ta yaya.” “Don me kullum ni?” ba ta da amsa, ana iya kwana a kanta. “Ta yaya rigimar jiya ta fara, wa ya ce me, me zan faɗa masa gobe da safe?” tana da ƙarshe. Ana kuma ware wa damuwa lokacinta, minti 20 zuwa 30 kullum a wuri ɗaya, misali bayan la'asar, ba a kan gado ba. Abin da ya taso kafin lokacin a rubuta shi da kalma biyu a ajiye. Idan lokacin ya yi a raba su gida biyu, wanda ke da mataki a yau da wanda ba shi da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa lokacin daf da kwanciya, ko barin sa ya zarce awa guda.

Akwai tsoron jiki da kansa, wanda David Clark ya bayyana a 1986: bugun zuciya ya ƙaru, mutum ya fassara shi da mutuwa, fassarar ta ƙara bugun. A nan gida da wannan ƙofar mafi yawa ke shigowa, da “zuciyata na bugawa,” “kaina na zafi,” “wani abu na yawo a jikina,” bayan sun zaga shagunan magani ana auna musu hawan jini. Idan likita ya duba ya tabbatar zuciya lafiya, ana tayar da alamun da gangan a ɗakin jinya: numfashi da sauri na daƙiƙa 60, juyi a tsaye na minti ɗaya, numfashi ta siririn tsinken shan lemo na minti biyu, har jiri da bugu su zama abin da aka saba. Ba a yi wa mai asma, ko mai ciwon zuciya, ko mai farfaɗiya, ko mai juna biyu. Akwai kuma rashin jure “wataƙila,” wanda Michel Dugas da abokansa suka yi aiki a kai a Kanada, shi ke sa uwa ta kira ɗanta sau bakwai kafin ya isa Zariya.

Barci ne aka fi rainawa, ana ɗaukar sa alama kawai da za ta tafi in ciwon ya tafi. Daniel Freeman ya gwada akasin haka da ɗalibai 3,755 a jami'o'in Birtaniya a 2017: aka yi jinyar rashin barci kaɗai ta intanet, sai zargin mutane da jin muryoyi su ma suka ragu, ko da yake raguwar ba mai yawa ba ce. Dokokin ba su da tsada. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. In an yi kamar minti 20 ido biyu, a tashi daga shimfiɗa sai barci ya zo. A rage dogon barcin rana da shayi mai kauri da goro bayan la'asar.

To, tsari guda na iya maye gurbin littattafai da yawa? Gwajin Barlow na 2017 ya ɗauki mutum 223 masu firgita, da fargaba, da tsoron mutane, da waswasi. Waɗanda aka yi wa tsarin bai-ɗaya sun samu sauƙi daidai da waɗanda aka yi wa littafin ciwonsu na musamman, kuma sun fi su kai jinyar ƙarshe. A lura, daidai aka ce, ba a ce ya fi ba. Ribar tana wurin horo: abu ɗaya za ka koya wa ma'aikaci maimakon huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan hanya da shirin PM+ na 2016, zama 5 na minti 90, mako-mako, a hannun mutanen da ba likitoci ba: numfashi a hankali, warware matsala mataki-mataki, komawa ga ayyuka, da ƙarfafa alaƙa da mutane. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, ya rage damuwa da fargaba tare.

Najeriya na da mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau ba za su iya ɗaukar kowane mai faɗuwar gaba ba, bai ma kamata ya je can ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta haifi ƙwararru cikin dare ɗaya ba. Idan jiha na da kuɗin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci na mako biyu, ni a ganina ɓarna ce a cinye kwanakin ana haddar sunaye da alamomi. A koya musu takardar gida huɗu, da tsanin fuskantar tsoro, da jadawalin ayyuka, da lokacin damuwa, da dokokin barci, su gwada a junansu har hannu ya faɗa. A kuma ware kuɗin mai duba su kowane mako, domin inda aka yi nasara a Peshawar da Harare da kulawar ƙwararre aka yi ta. Horo ba bibiya, bayan 'yan watanni nasiha yake komawa.

Masu suka na da gaskiyarsu, kuma ba ƙarama ba. A 2019 Paolo Fusar-Poli da abokansa sun bi binciken da ke kiran kansa mai ratsa cututtuka, suka ga da yawansa bai wuce fargaba da damuwa ba, kuma kaɗan ne aka gwada da jinyar musamman ido da ido. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne akwai wuraren da sunan ciwo shi ne rai. Matar da ta rufe ɗaki, idan bara ta yi mako guda ba barci, tana rabon kayanta tana zuba ba tsayawa, ciwonta mai hawa da sauka ne. Maganin damuwa shi kaɗai na iya cilla ta sama, rage mata lokacin kwanciya ma haka, abin da take buƙata likita ne da magani irin su litiyam. Mai bugun zuciya da ramewa da rawar hannu da rashin jure zafi, a duba maƙoƙonsa kafin a sa shi juyi a ɗaki. Mai jegon da ta rikice cikin mako biyu da haihuwa, tana jin muryoyi, asibiti za a kai ta a ranar. Shi kansa PM+ ba a yi wa wanda hankalinsa ya gushe ko wanda ke shirin kashe kansa.

Saboda haka zaman farko na tacewa ne, kuma tambayoyinsa ba sa cin minti 10. Ka taɓa yin kwanaki ba ka barci kuma ba ka gaji ba? Kana jin murya ko ganin abin da wasu ba sa gani? Me kake sha ko haɗiya, nawa a rana, yaushe rabonka da shi? Ka taɓa faɗuwa ko suma? Tunanin raba kanka da duniya na zo maka, kuma ka tanadi hanya? Wannan ta ƙarshe ita ma'aikata suka fi tsallakewa don kunya ko tsoron kada su cusa wa mutum ra'ayin, alhali tambayar ba ta cusa shi. Wanda ya amsa eh ga ɗaya daga ciki, a rubuta masa takardar zuwa wurin likita, a kira ɗan uwansa ya raka shi. Sauran, su ne mafi yawan masu zama a bencin, a ɗauko farar takarda a ja mata layi uku, a ce, “Ba ni labarin ranar da abin ya taso maka a makon nan, tun daga inda kake tsaye.”